Ƙoƙon kan Tumai na Chadi: na kakan ɗan Adam ne, ko na biri?

Wani malamin sakandare mai koyar da ilimin halittu ne ya aiko da wannan tambaya: "Ɗalibaina sun tsare ni a kan ƙoƙon kan da aka ce an tsinta a Chadi, wai na kakan ɗan Adam ne mai shekara miliyan 7. Da gaske akwai shi? Ta yaya aka san shekarunsa, kuma me ya hana a ce kan biri ne kawai? Ni kaina ban gamsu ba."

Malam, ka gaida ɗaliban nan naka, don abin da suka tsare ka a kai shi ne masana suka shafe sama da shekara 20 suna cacar baki a kansa. Ƙoƙon kan akwai shi, kuma tsufansa yana da hujja mai ƙarfi. Amma cewa shi ne kakanmu kai tsaye, wannan 'yan jarida ne suka fi masana zaƙewa a kai. Rashin gamsuwarka da Tumai, laƙabin da aka sa wa ƙoƙon kan, yana da hurumi. Sai dai kada ka bar yaran su ɗauka cewa duk maganar asalin jikin ɗan Adam a kan wannan ƙashi ɗaya ta rataya, domin hujjar da ta fi nauyi tana Habasha da Kenya da Tanzaniya.

Ranar 19 ga Yulin 2001 wasu mutum huɗu, 'yan Chadi uku da Bafaranshe ɗaya, suna zagaye a wani wuri da ake kira Toros-Menalla cikin hamadar Jurab, arewacin Chadi. Ɗaya daga cikin 'yan Chadin, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ya hango wani dunƙule baƙi-baƙi a kan yashi, ya juya shi, sai ga haƙora. Shugaban aikin, Michel Brunet na jami'ar Poitiers a Faransa, ya buga bayaninsa a mujallar Nature a 2002, ya sa wa jinsin suna Sahelanthropus tchadensis. Laƙabin Tumai kuwa daga harshen Goran yake, sunan da suke sa wa yaron da aka haifa gab da shigar rani.

A Jurab ba kasafai ake haƙa ba, iska ce ke yi wa masu bincike aikin. Kowace shekara tana kwashe yashi tana kankare tsohon laka, abin da ke binne ya fito fili, in ba a zo an ɗauke shi ba kuma ta sake rufe shi ko ta niƙe shi. Iskar nan kun santa. Hazon da ke rufe Kano da Maiduguri da Damagaram lokacin hunturu, kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a wannan yanki na arewacin Chadi. Wurin da yau ko ɗigon ruwa babu, a da bakin tafki ne. Tare da Tumai an tsinci ƙasusuwan kifi, kada, dorina, giwaye irin na dā, aladun daji da dangin barewa, wato akwai ruwa, akwai kurmi a bakinsa, akwai kuma fili mai ciyawa.

Maganar shekaru, abu na farko da za ka cire wa yara daga kai shi ne gwajin kabon, wato auna shekarun abu da ragowar sinadarin kabon-14 da ke cikinsa. Kabon-14 rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730, saboda haka bayan kamar shekara 50,000 ba abin da ya rage da za a auna. Duk wanda ya ce maka da kabon aka gano shekara miliyoyi, bai san aikin ba. A gabashin Afirka tokar duwatsu masu aman wuta ake aunawa. Cikin tokar akwai wani nau'in sinadarin fotasiyam mai rikiɗewa a hankali, rabinsa cikin shekara biliyan 1.25, wani ɓangarensa yana komawa iskar argon. Zafin aman wutar yana korar tsohon argon ɗin duka, don haka wanda aka samu a ƙwayar tokar yau bayan ta huce ne ya taru. In ƙashi yana tsakanin shimfiɗar toka biyu, ta ƙasa da ta sama, an tsare shekarunsa ke nan ta gefe biyu.

Jurab ba ta da irin wannan gata. Da farko dabbobin da ke tare da shi aka duba, musamman aladun daji da giwaye, waɗanda haƙoransu ke sauya siffa daga zamani zuwa zamani. Aka gwada su da irinsu na Lothagam da Lukeino a Kenya, inda toka ta riga ta ba da shekaru, sai lissafi ya tsaya tsakanin miliyan 6 da 7. A 2008 aka auna lakan wurin da wata hanya daban ta sinadarin beriliyam-10, ta ba da miliyan 6.8 zuwa 7.2. Hanya biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ake nema. Akwai ƙorafi guda da ya kamata a faɗa. Alain Beauvilain, Bafaranshen da ke wurin ranar da aka tsince shi, ya ce ƙoƙon kan a saman yashi yake, ba a manne cikin dutse ba, don haka auna lakan ba daidai yake da auna ƙashin ba. Ƙorafi ne mai ma'ana. Amma dabbobin da ke warwatse a wurin na zamani ɗaya ne, kuma ni a ganina wanda ya ce "wajen miliyan 7" bai yi nisa da gaskiya ba.

Inda rigimar take shi ne ɗaya ɓangaren tambayarka: me ya hana a ce biri ne?

Idan girman ƙwaƙwalwa za a bi, biri ne. Cikin ƙoƙon kan bai wuce sisi (wato mililita) 360 zuwa 370 ba, kamar abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya, alhali na mutumin yau yana wajen 1,350, na birin cimfanzi kuma wajen 400. Ga kuma wani ƙaton ƙashin gira da ya tokaro a saman idanu. Abu biyu ne suka sa Brunet ya ja shi ɓangarenmu. Na farko fiƙa. Namijin cimfanzi ko gorila fiƙarsa ta sama doguwa ce, kuma duk rufe bakin da zai yi tana goga da haƙorin ƙasa tana wasa kanta, gefenta ya yi kaifi. Ta Tumai gajera ce, kuma daga tsininta ta cinye, kamar yadda tamu ke yi. Na biyu kafar da laka ke bi ta fita daga ƙoƙon kai zuwa ƙashin baya. Wannan kana iya nuna wa yara ba tare da littafi ba. Ka samo ƙoƙon kan rago bayan Sallah, a wanke shi, ka juya. Za su ga kafar tana can ƙarshen ƙeya tana kallon baya, domin wuyan rago daga baya yake riƙe kai. Sai kowa ya taɓa nasa wuyan ya ji inda ya shiga: ƙarƙashin kai, kusan tsakiya, kai yana zaune a bisa. Na cimfanzi yana tsakanin biyun, amma ya fi karkata baya. Na Tumai ya matso gaba yana kallon ƙasa, abin da ke nuna halitta mai miƙe wuya a tsaye.

Matsalar ita ce nauyin ƙasa ya murɗe ƙoƙon kan ya kuma tsattsage shi. A 2005 masana a Zurich suka ɗauki hotonsa da na'urar sitiskan irin ta asibiti, suka mayar da gutsattsarin mazauninsu a kwamfuta, sakamakon ya goyi bayan Brunet. Wasu kuwa, irin su Milford Wolpoff da Brigitte Senut da Martin Pickford, tun farko suka ce wannan biri ne, ƙila mace, don fiƙar macen biri dama ƙarama ce. (Senut da Pickford su ne suka gano ƙasusuwan wata halitta mai suna Orrorin a tuddan Tugen na Kenya a 2000, mai shekara miliyan 6, wanda Tumai ya zo ya ƙwace masa kambun tsufa. Wannan bai rushe hujjarsu ba, amma masana ma mutane ne.)

Abin da zai raba gardama shi ne ƙashin ƙafa, kuma akwai shi, sai dai labarinsa ba ya daɗin ji. An kwaso wani ƙashin cinya daga wurin tun 2001, aka ajiye shi cikin na dabbobi. A 2004 wata ɗaliba a Poitiers, Aude Bergeret, ta lura cewa na dangin biri ko mutum ne. Daga nan aka yi shiru shekara da shekaru ba a buga komai a kansa ba, abin da ya sa mutane da yawa zargi. A 2020 Roberto Macchiarelli da ita da abokan aikinsu suka ce siffarsa ba ta mai tafiya da ƙafa biyu a kullum ba ce. A 2022 ayarin Poitiers da takwarorinsu na Chadi suka buga nasu cikakken nazari a kan cinyar da ƙasusuwan damtse biyu, suka ce yana tafiya a tsaye a ƙasa, yana kuma hawan bishiya sosai. Cinyar ba ta da kai ba ta da gindi, duka gaɓoɓin biyu sun ɓace, kuma nan ne amsar ta fi fitowa fili. Har yanzu ba a daina musu ba.

Ga inda na tsaya. Nazarin ƙwayoyin gado yana nuna cewa zuriyarmu da ta cimfanzi sun rabu ne wajen shekara miliyan 6 zuwa 8 da suka wuce, wasu lissafin ma sun haura haka. Tumai a daidai wannan mararraba ya rayu. Duk halittar da ke kusa da mararraba dole ta yi wuyar rarrabewa, domin ɓangarorin biyu ba su gama bambanta ba tukuna. Na fi karkata ga cewa yana ɓangarenmu, saboda fiƙar da kafar lakan sun tafi tare. Amma ko da haka ne, ba wanda zai iya nuna cewa ta tsatsonsa muka biyo, yana iya zama reshe ne da ya ƙare. Wannan kuma ya amsa tambayar da na tabbata wani yaro zai jefo maka, cewa in daga biri aka fito me ya sa har yau akwai birai. Masana ba su ce cimfanzi ya zama mutum ba. Cewa suka yi zuriya biyun tushensu ɗaya, kowace ta kama hanyarta, kuma cimfanzin yau shi ma ya sauya daga yadda tushen yake.

Da an sauko ƙasa da shekara miliyan 4.5 sai hujja ta fara kauri. A Aramis ta Habasha an tono kwarangwal ɗin wata mace ta jinsin Ardipithecus ramidus mai shekara miliyan 4.4, aka fara samunta a 1994, aka ɗauki shekara 15 ana tsabtace ƙasusuwan da suka rududduge kafin a buga a 2009. Ƙugunta ya fara ɗaukar siffar mai tsayuwa, amma babban yatsan ƙafarta a ware yake don kama reshe. A Kanapoi ta Kenya akwai ƙashin ƙwauri mai shekara kusan miliyan 4.2 wanda ba a jayayya cewa na mai tafiya a tsaye ne. Sai Lusi, wadda Donald Johanson ya tsinta a Hadar ta Habasha ranar 24 ga Nuwamban 1974: kusan kashi 40 cikin 100 na kwarangwal, shekara miliyan 3.2, tsayinta mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Ƙugunta gajere ne mai faɗi, ƙashin cinyarta yana karkatowa ciki zuwa gwiwa yadda ƙafa za ta sauka ƙarƙashin jiki. Na biri a miƙe yake, shi ya sa in ya tashi tsaye yake tafiya yana tangaɗi. Kuma Lusi ba ita kaɗai ba ce. A 1975 an sami ƙasusuwan aƙalla mutum 13 na jinsinta a wuri ɗaya, a 2000 kuma Zeresenay Alemseged, ɗan Habasha, ya gano kwarangwal ɗin wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 a Dikika.

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya in nuna wa ajinka, sawun Laetoli zan ɗauka. Shekara miliyan 3.6 da 'yan kai da suka wuce, wani dutse ya yi aman toka a arewacin Tanzaniya, aka yi yayyafi, tokar ta jiƙe. Dabbobi suka bi ta kai, tsuntsaye suka bi, har tabon ɗigon ruwan saman ya zauna. Wasu halittu masu ƙafa biyu su ma suka ratsa, sannan wata tokar ta sauko ta rufe. A 1978 ayarin Mary Leakey ya buɗe layin sawun mai tsawon kusan mita 27. Diddige ya lotsa sosai inda ya fara sauka, tafin ƙafa yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, babban yatsa yana jere da 'yan'uwansa, kuma babu alamar hannu ko ɗaya a ƙasa. Nan ba a haɗa gutsattsari ba, ba a kuma buƙaci kwamfuta ba, sannan tokar da aka taka ita ce ake aunawa. Masu wannan sawu ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce sisi 400 zuwa 550 ba.

Wannan shi ne babban abin da ƙasusuwan suka koyar: ƙafa ce ta riga kai. An yi shekara miliyoyi ana tafiya a tsaye da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Turawan farkon ƙarni na 20 akasin haka suka zata, kuma zaton nan ne ya sa aka damfare su. A 1912 aka fito da "mutumin Piltdown" a Ingila, babban ƙoƙon kai da muƙamuƙin biri, aka yi ta murna. Da Raymond Dart ya bayyana yaron Taung na Afirka ta Kudu a 1925, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da alamar tsayuwa, sai manyan masanan Landan suka yi masa kallon raini. Sai a 1953 gwajin sinadari ya tona asiri: kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin birin orangutan, aka goge haƙoran, aka rina su. Masu son rushe fannin duka suna yawan kawo Piltdown. Su tuna cewa tun kafin a kama ƙaryar ta riga ta zama bare, don duk abin da ƙasa ke fitarwa a Afirka yana saɓa mata.

Sauran zangon zan bi shi da sauri. Duwatsun da aka fasa da gangan don yanka sun bayyana a Lomekwi ta Kenya shekara miliyan 3.3. Wani muƙamuƙi daga Ledi-Geraru a Habasha mai miliyan 2.8 shi ne mafi tsufan abin da ake sawa cikin dangin Homo, wato dangin da mutumin yau yake ciki. Wajen miliyan 1.8 'yan wannan dangi sun riga sun fita Afirka sun isa Dmanisi ta ƙasar Jojiya. Yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu ya gano a Kenya a 1984, yana da shekara kusan miliyan 1.5, daga wuya zuwa ƙasa kusan irin jikinmu, ƙwaƙwalwa wajen sisi 880. Mafi tsufan waɗanda ake dangantawa da jinsinmu su ne na Jebel Irhoud a Maroko, wajen shekara 300,000. Kada ka zana musu wannan a allo a matsayin layi ɗaya miƙaƙƙe. A lokuta da yawa jinsi biyu ko uku suna raye tare, kamar Paranthropus mai manyan turamen haƙori da ya zauna gefen Homo sama da shekara miliyan ɗaya kafin ya shuɗe, ko Homo naledi na Afirka ta Kudu da ke da ƙaramar ƙwaƙwalwa a zamanin da namu jinsin ke fitowa.

Na san a ajinka maganar ba za ta ƙare ba sai wani ya ce, to Annabi Adamu fa? Ƙashi yana ba da siffa da shekaru da yadda mai shi ya yi tafiya. Bai faɗi komai a kan ruhi ko wahayi ba, kuma masanin ƙashi da ya ce ya auno su ya fita daga fagensa. Ka koya musu abin da aka tono da yadda aka auna shi, su san shi da kyau, don jarrabawa za ta tambaye su kuma duniya za ta tambaye su. Fassarar nassi kuma ka bar wa malamanta. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ce musu ƙasusuwan ƙirƙira ne, domin Lusi tana ajiye a gidan tarihi na Adis Ababa, kuma ranar da yaro ya gano haka zai daina yarda da kai a sauran abubuwa.

Darajar Tumai a wurina tana ga inda aka same shi. Daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 ra'ayin da ya yi tashe shi ne na masanin Faransa Yves Coppens, cewa tsagewar ƙasa ta gabashin Afirka ce ta raba zuriyar, birai suka zauna kurmin yamma, kakannin mutum suka fita filin gabas. A 1995 ayarin Brunet ya sami muƙamuƙin da ake kira Abel a Koro Toro ta Chadi, mai shekara kusan miliyan 3.5, kilomita 2,500 yamma da wancan kwarin, sannan Tumai ya biyo. Gabas ta yi suna ne saboda ƙasarta tana binne ƙashi da toka, daga baya ta tsage ta fito da shi. Yawancin ƙasarmu ta yamma kuwa ruwa da zafi da tsamin ƙasa suna cinye ƙashi kafin ya zama dutse, kuma masu nema ba su da yawa. Abin da muke da shi ƙalilan ne kuma na baya-bayan nan: ƙoƙon kan Iho Eleru kusa da Akure, wanda Thurstan Shaw ya tono a 1965, mai shekara wajen 13,000 amma da siffa irin ta mutanen da suka fi haka tsufa, da maƙabartar Gobero a hamadar Tenere ta Nijar, inda aka sami kaburbura kusan 200 na masunta da mafarauta da suka zauna bakin tafki tun kusan shekara 10,000 da suka wuce.

Kwale-kwalen Dufuna na jihar Yobe, mai shekara kusan 8,000, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, ya kuma kai rahoto maimakon ya farfasa. Cikin ɗalibanka akwai 'ya'yan masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi da masu fasa dutse. Ka gaya musu in suka ga ƙashi mai nauyi kamar dutse a cikin ƙasa mai zurfi, kada su ciro shi kada su wanke shi. Su ɗauki hotonsa da waya a inda yake, da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, su lura da zurfin ramin da launin ƙasar, sannan a sanar da gidan tarihi mafi kusa ko sashen binciken kayan tarihi na jami'a, kamar na Ahmadu Bello a Zariya. Ƙashin da aka ɗauke daga shimfiɗarsa ba tare da an rubuta komai ba, da wuya a ƙara sanin shekarunsa.